Situdiyo a Cikin Kwamfuta: Yadda Manhajojin Haɗa Kiɗa Suka Shigo Tsakanin Kano da Damargu

Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, ta daɗe da zama mashigi. Ta nan ayarin Abzinawa ke bi da gishiri da dabino zuwa kudu, su komo da gero da tufafin Kano. A watan Janairun 1851, a garin Tagelel na Damargu, Turawan nan uku matafiya, Richardson da Barth da Overweg, suka rabu kowa ya kama gabansa, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina har ya shiga Kano. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fataucin Sahara ya yi sanyi, amma hanyar ba ta mutu ba. Motoci suka maye gurbin raƙuma tsakanin Damagaram da Tanut da Agadas, kuma a cikin kayan da suka riƙa ɗauka har da sauti: da farko a kaset, daga baya a faifan sidi, daga ƙarshe a ɗan memorin wayar salula wanda bai kai farcen yatsa ba.

Saboda haka wayar makiyayin da ke shayar da dabbobi a wata rijiya ta yankin Tenhya, arewa da Tanut, tana iya ƙunsar jitar Agadas da waƙoƙin fina-finan Kano a wuri guda. Abin lura shi ne yawancin waƙoƙin Kanon nan ba a taɓa fatar ganga wajen yin su ba. A cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa aka haɗa su, da manhajojin da aka rubuta a Beljiyam da Jamus da Amurka, waɗanda suka iso hannun matasa kusan ba tare da kuɗi ba. Tarihin isowarsu gajere ne, bai wuce shekara talatin ba, amma ya sauya amsar wata tsohuwar tambaya, wato wa ke da ikon yin kiɗa, kuma da wane sauti zai yi shi.

Ƙofofi biyu na dā

A al'adar Hausawa kiɗa sana'a ce ta gado. Akwai makaɗan fada masu taushi da kotso da kakaki da algaita, akwai makaɗan sana'a da ke bin manoma da maƙera da mahauta, akwai kuma makaɗan jama'a masu kalangu da goge da kukuma. Yaro kan tashi a gidan kiɗa, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya daɗe kafin a bar shi ya ja baki. A wurin Abzinawa ma akwai ƙa'ida, domin tinde da anzad, wato turmin da ake rufe wa baki da fata da kuma gogen tsirkiya ɗaya, a hannun mata suke. Wannan ita ce ƙofa ta farko, kuma ɗan malam ko ɗan attajiri ba ya shigarta sai ya shirya jin surutu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta naɗar sauti. Wanda ke son muryarsa ta wuce garinsu dole ya nemi gidan rediyo. Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, aka sauya masa suna zuwa Muryar Sahel a 1974; na Kaduna kuwa ya buɗe a 1962. Ta irin waɗannan gidaje ne muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram suka tsallake iyakar ƙasashen biyu. Kaset ya ɗan sassauta wannan ƙofa, domin rikoda mai batir ta isa a naɗi mawaƙi a zaure. Waƙoƙin jitar Abzinawa irin na Abdallah ag Oumbadougou ta haka suka yaɗu a ɓoye lokacin tawayen 1990 zuwa 1995. Sai dai kaset yana naɗar abin da aka kaɗa ne kawai. Har lokacin sai da makaɗi na gaske, da kayan kiɗa na gaske, da 'yan amshin da za a sallama.

Zamanin fiyano

Abin da ya fara girgiza ƙofar gado shi ne kayan kiɗan lantarki mai maɓallai, wanda Kanawa suka raɗa wa suna fiyano. A Nijar, Mamman Sani Abdoulaye ya riga kowa: da wata ogan ƙirar Italiya ya naɗi kaset a Yamai a 1978, kiɗansa kuma ya daɗe yana cike giɓi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar. A Kano kuwa masana'antar fim ce ta jawo fiyano. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya fina-finai suka shiga neman kiɗa mai sauƙin kuɗi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bibiyi yadda situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR a tsakiyar shekarun 1990, da yadda waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, gab da shekarar 2000, ta nuna cewa mutum ɗaya da fiyano ɗaya na iya cika kasuwa.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin fiyanon. A 1983 kamfanonin Japan da Amurka suka amince da wani harshe guda da kayan kiɗan lantarki za su riƙa magana da juna da shi, wato MIDI. A 1991 aka ƙara masa jerin sautuka 128 da kowace na'ura mai bin tsarin za ta ƙunsa, kowanne da lambarsa. A cikin jerin an keɓe guda takwas kacal ga abin da aka kira kayan kiɗan al'ummu: sita ta Indiya, da banjo, da shamisen da koto na Japan, da kalimba, da algaitar salka irin ta Sikotlan, da gogen ƙauye na Turai, da shanai. Babu kalangu, babu kukuma, babu gurmi. Banjon ma, wanda masana ke danganta asalinsa da kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da fasaharsu Amurka, da muryar Amurka ya dawo.

To, makaɗin fiyano da ke neman algaita ina zai dosa? Abin da ya fi kusa da ita a jerin shi ne shanai, algaitar Indiya. Ana yawan bayyana ƙamshin Indiya da ke cikin waƙoƙin fina-finan Hausa da cewa sakamakon shekaru ne na kallon fina-finan Indiya a silimun Kano, kuma wannan gaskiya ne, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a bincikensa. Amma akwai dalili na biyu a cikin na'urar kanta. Indiya tana da gurbi biyu a jerin, ƙasar Hausa ba ta da ko ɗaya. Kunne ya riga ya saba, na'ura kuma ta miƙo abin da kunnen ya saba da shi.

Kyauta iri uku

Daidai lokacin da fiyano ke kafuwa a Kano, a Turai ana ƙoƙarin mayar da situdiyo gaba ɗayansa cikin kwamfuta. A ƙarshen 1997 wani mai suna Didier Dambrin ya rubuta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam wata 'yar manhajar jera bugun ganga, FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003. A 2000 Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka saki Audacity, manhajar naɗa da yanka sauti. A 2004 LMMS ta biyo baya. Tun kafin su akwai Cakewalk da Cubase, waɗanda suka girme su da shekaru. A cikin shekarun 2000 waɗannan sunaye suka zama kalmomin yau da kullum a ɗakunan haɗa kiɗa na Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, da na mawaƙan rap a Yamai.

Kalmar "kyauta" a nan tana buƙatar warwara, domin abubuwa uku ne mabambanta suka shigo da suna ɗaya. Na farko shi ne manhajar da masu ita suka saki don kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, kamar Audacity da LMMS. Na biyu shi ne ɗanɗano, irin wanda mai goro ke miƙa wa mai ciniki. FL Studio ta kuɗi ce, amma tana da kwafin gwaji da ke barin mutum ya haɗa kiɗa ya fitar da sautinsa, sai dai ba ya iya sake buɗe aikin da ya ajiye har sai ya biya. Mai aiki da irin wannan dole ya gama waƙa a zama ɗaya, ya kuma yi addu'ar kada a ɗauke wuta. Na uku shi ne kwafin da aka fasa wa makulli, wanda ake samu a kuɗin faifan da aka zuba shi. Kano ta riga ta mallaki hanyoyin kwafa da rarrabawa tun zamanin kaset, musamman a kasuwar Ƙofar Wambai, don haka manhaja ta bi sawun fina-finan Indiya da na Amurka. Ya kamata a yi adalci a nan: farashin da dala yake, biyan kuma ta katin banki a intanet, abubuwan da matashin Fagge ko na Damagaram bai da su a wancan lokaci ko da ya so biya.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin masu sana'ar shi ne ikon gyara. A gaban rikoda, idan ɗan amshi ɗaya ya yi kuskure kowa sai ya koma farko. A kwamfuta kowace murya da layinta, ana ganin sauti a zane kamar tudu da kwari, a yanke wurin da ya ɓaci a liƙa wani. Mawaƙi ɗaya na iya ja, ya dawo ya amsa wa kansa sau uku. Ɗaki guda da aka lulluɓe bangonsa da katifa, da makirufo ɗaya, da janareto a ƙofa, ya zama situdiyo. A ɗaya gefen kuma, dattawan da suka tashi da Shata da Narambaɗa suka ji sautin ya yi musu holoƙo. "Kiɗan fiyano" ya zama lakabin da ba koyaushe yake nufin yabo ba, aka kuma kira waƙoƙin fim "nanaye", sunan da ke tuna wa mutum amshin 'yan mata a dandali. Duka ɓangarorin biyu sun ji daidai, kowanne dai da abin da ya sa wa kunne.

Matsalar jone

Manhajar haɗa kiɗa kamar gida ce mai wayarin wuta: sai an jona mata kayan aiki take cika. Waɗannan ƙananan manhajoji da ake jonawa su ake kira fulogin. Wani yana kwaikwayon goge, wani yana sa amsa-kuwwa, wani yana miƙar da murya. A 1996 kamfanin Steinberg na Hambug a Jamus ya fito da tsarin jone mai suna VST, a 1999 kuma ya faɗaɗa shi ya ɗauki kayan kiɗa na kwamfuta zalla. Sai dai ba shi kaɗai ba ne a fage. Cakewalk ta daɗe tana bin tsarin DirectX na Microsoft, Apple na da Audio Units, Pro Tools na da nasa, masu Linux kuma suna da LADSPA. Duk wanda ya taɓa sayen rediyo a Maraɗi ya kai shi Katsina ya san irin wannan damuwa, domin fulogin Nijar mai ƙafa zagaye irin na Faransa ba ya shiga soket ɗin Nijeriya mai ramuka uku irin na Ingila.

Manhajojin kyauta na gaskiya su suka fi jin jiki a wannan fanni, kuma dalilin shari'a ne fiye da fasaha. Sharuɗɗan lasisin Steinberg na wancan lokaci ba su jitu da na manhajar da kowa ke da 'yancin gyarawa ba, saboda haka a shekarunta na farko Audacity ba ta karɓar VST sai an sauko da wani ɗan ƙari daban. Haka nan ba ta iya fitar da waƙa a MP3 sai an nemo wani fayil mai suna LAME, saboda haƙƙin mallakar fasahar MP3 bai ƙare ba sai a 2017. Ga mai intanet a gida wannan aikin minti biyu ne. Ga wanda ya karɓi manhajar a faifai a garin da babu shagon intanet, katanga ce: ya naɗi waƙa, amma ba shi da hanyar mayar da ita irin fayil ɗin da wayoyin mutane ke karantawa. Bugu da ƙari, Audacity ba ta haɗa kiɗa daga maɓallai, LMMS kuma ta daɗe ba ta naɗar murya. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwafin sata ya rinjayi kyautar halal, domin shi yana zuwa da komai a ƙunshe, har da ƙwayoyin cutar kwamfuta a wasu lokuta.

Daga baya wani giɓin ya buɗe. Kwamfutoci suka tashi daga tsarin bit 32 zuwa na 64, kuma tsohon fulogin ba ya shiga sabuwar manhaja sai da wata gada, wadda ita ma kan karye. A 2018, shekarar da kamfanin BandLab na Singafo ya saki Cakewalk kyauta bayan ya saye ta, manhajar ba ta aiki sai a Windows mai bit 64, wato ta fi ƙarfin tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa. A shekarar dai Steinberg ya daina ba da lasisin tsohon VST na biyu don ya tura kowa zuwa na uku. A 2022 kamfanonin Bitwig da u-he suka fito da CLAP, tsarin jone da ba shi da shingen lasisi, amma kafin sabon tsari ya kankama akan ɗauki shekaru.

Akwai wata hasara da wannan ke jawowa wadda ba a cika magana a kanta ba. Fayil ɗin aikin da makaɗi ke ajiyewa ba sautin ne a cikinsa ba, umarni ne: a kira fulogin kaza ya buga kaza. Kamar takardar da aka rubuta yadda ake miya ce, wadda ba ta ƙosar da kowa idan babu kayan miyar. Idan fulogin ya ɓace ko ya daina shiga, aikin yakan buɗe da layuka bebaye. Don haka zaren rediyon da aka naɗi Ɗanƙwairo a kansa shekaru hamsin da suka wuce yana iya fin aikin situdiyon 2005 tsawon rai. Abin da kan saura daga na biyun shi ne matsattsen MP3 da ya bi wayoyi, wanda ba a iya raba muryarsa da kiɗansa yadda aka haɗa su tun asali.

Abin da ba shi da majona

Ko da kowane fulogin ya shiga lafiya, akwai rashin jituwar da ta fi wannan zurfi. Allon da ake jera sauti a kansa a manhajojin nan hoton maɓallan fiyano ne, inda aka raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Yawancin waƙoƙin Hausa da na Abzinawa a kan matakai biyar suke tafiya, kuma matakan ba lallai su faɗa daidai kan maɓallan ba. Goge da kukuma da anzad ba su da matakala a wuyansu, yatsa ne ke zamewa a kan tsirkiya. Kalangu kuwa dukan hikimarsa tana cikin matsi da sassauci a hammata, wanda ke sa sautin ya hau ya sauka kamar maganar mutum. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kukan hawaye ya bambanta da kukar miya, kuma wannan hawa da sauka ne kalangu ke kwaikwayo har mai ji ya gane kirarin da ake yi masa. Bugun ganga ɗaya da aka ajiye a manhaja, a maimaita shi sau ɗari, ba ya faɗin komai.

Haka abin yake ga kari. FruityLoops kan buɗe da gidaje 16 a jere, huɗu sau huɗu, alhali kiɗe-kiɗen Sahel da yawa, har da tinde, bisa uku-uku suke gudana. Ana iya sauya gidajen su koma 12, ana iya karkatar da sauti ya fita daga maɓalli, amma sai wanda ya san akwai wannan damar kuma ya ga dalilin nemanta. Abin da na'ura ta miƙo da farko shi ne mai koyo ke ɗauka a matsayin daidai.

Babu fulogin da ya bar tambari a kiɗan Hausa kamar Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar ƙasa don neman mai. An yi shi ne don ya gyara ɗan kaucewar murya a ɓoye, amma idan aka tsananta shi yakan fizgi murya daga mataki zuwa mataki ba tare da zamewa ba, ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe. Situdiyoyin Arewa suka ɗauki wannan karkarwa a matsayin ado, musamman ga siririyar muryar mata irin wadda fina-finan Indiya suka sabar. Ta haka abin da aka ƙera don ya ɓoye kansa ya zama alamar da ake gane waƙar Hausa ta zamani da ita.

Daga nan sautin ya hau arewa. A 2008 wani matashi Ba'abzine daga yankin Tawa, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a situdiyon da ya saba da waƙoƙin fim. Aka ɗora wa muryarsa Auto-Tune, aka sa gangar kwamfuta a ƙarƙashin jitarsa. Ba kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da memori har ya kai arewacin Mali, inda Ba'amurken nan Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin ya sa ta a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. A Yamai kuma makaɗin da aka sani da Hama ya tashi daga fiyanon Yamaha ya koma FruityLoops, ya riƙa zuba tsofaffin karin makiyaya a cikin sautin lantarki, kamar yadda ake ji a kundinsa Houmeissa na 2019. Su biyun sun nuna cewa mai kunne yana iya tanƙwara na'ura ta bi shi, idan ya shigo da karin a kansa tun daga gida.

Riba da hasara

Ribar a fili take. Ƙofar gado ta faɗi, ɗan kowa ya shiga. Mata sun sami wurin da za su rera waƙa ba tare da yawon biki ba, har Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ta zama ɗaya daga muryoyin da aka fi sani a Kano. Masu yabon Annabi da mawaƙan siyasa duk suka koma situdiyo. Ikon masu tacewa ma ya ragu, domin lokacin da wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a 2009, hukuncin ya tarar da su sun riga sun shige wayoyi, inda babu rumfar da za a rufe.

Hasarar kuwa ta faɗa kan makaɗan gado. Bikin da a dā ke ciyar da mai kalangu da yaransa ya koma hannun mai lasifika da memori. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma 'ya'yan gidajen kiɗa da yawa sun ga babu abin da zai riƙe su a sana'ar. Ilimin da ke tattare da ita, na zaɓen itace da jeme fata da sanin taken kowace sarauta da kowace sana'a, ba a rubuce yake ba. Idan ya tsallake tsara ɗaya, da wuya ya dawo. Gaskiya ne wasu mawaƙan zamani sun koma gayyato masu kalangu da kotso su kaɗa a gaban makirufo, abin da ke nuna kunnen jama'a bai manta ba, amma irin wannan gayyata ba ta kai ta raya gida ba.

Yankuna irin su Damargu suna da nasu kaso na musamman a wannan lissafi. Suna karɓar sauti daga kudu da arewa, amma nasu ba ya fita da yawa, saboda situdiyo na son wuta tsayayya da kwamfuta da mai gyaranta, abubuwan da suka taru a manyan birane. Wayar zamani ta fara rage wannan tazara, tunda FL Studio da BandLab duk suna da samfurin waya, kuma faifan hasken rana na iya cajin ta a ruga. Sai dai jerin sautukan da ke cikin wayar jikan wancan jerin ne na 1991.

Kammalawa

Kusan duk manhajojin nan, na kuɗi da na kyauta, suna da sashen da ke karɓar sautin da mutum ya naɗa da kansa ya shimfiɗa shi a kan maɓallai. Hanyoyin sauya tsarin matakan sauti ma sun samu. A 2021, alal misali, makaɗin Iraƙi Khyam Allami ya saki wasu manhajoji biyu na kyauta, Leimma da Apotome, don masu kiɗan da ba ya bin ma'aunin Turai. Wato a yau babu shingen fasaha da ya hana kalangu da gurmi da anzad shiga kwamfuta da muryarsu. Abin da ya rage aiki ne mai cin lokaci: a zaunar da gwani, a naɗi kowane bugu a matsi daban-daban, a auna matakan gogensa yadda shi yake ɗaure shi, a adana a tsarin fayil da bai dogara da lasisin wani kamfani ba. Cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, wadda ke da tarin kayan kiɗan gargajiya, da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, suna da mutanen da suka san waɗanda za a nema.

Akwai kuma sharaɗin da tarihin kansa ya koyar. Sautin da ya shiga kwamfuta yakan yaɗu ba tare da sunan mai shi ba, kuma ya zama kyauta ga kowa ban da wanda ya kaɗa shi. Idan za a naɗi hannun tsohuwar mai anzad a Damargu ko na mai kotso a Sakkwato don dubban matasa su riƙa dannawa, to wajibi ne a rubuta sunanta da garinsu a jikin fayil ɗin, a kuma biya ta tun tana raye.